Ramin da Bai Kai Hammata Ba

Da za a ce in zaɓi yini ɗaya in goge daga cikin kwanakin da Allah Ya ba ni, da na zaɓi wata Talata ta ƙarshen bazara, shekarar da nake da sha uku a duniya. Ban yi sata ba a ranar, ban zagi kowa ba, ban ɗaga wa kowa hannu ba. Itace huɗu kawai na rage wa tsawo da gatari, a bayan wata sabara, ina sara ina waige. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar saran, ina ganin jan cikin ƙirya yana tsalle yana faɗuwa a kan yatsun ƙafata. Yanzu gemuna ya yi fari, karatuna na boko kuma bai wuce aji huɗu ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. Ina so ne in faɗi abin da itacen nan huɗu suka jawo, tun ina da sauran bakin faɗa.

Ƙauyenmu yana kusa da Dogon Daji, a ƙasar Tambuwal. Gidanmu manoma ne masu shanu, tun kaka da kakanni. Da rani shanun a gonakinmu suke kwana suna zuba taki, mu yara kuma mu ne masu kai su rijiya da safe kafin mu ruga makaranta da ƙafafu duk kashin shanu, malam yana korar mu mu je mu wanke. Amma da zarar gajimare ya fara taruwa a gabas, manya suka fara gyaran kalme da sungumi, to zaman shanu a gida ya ƙare, don saniya da sabuwar shuka ba sa zama wuri ɗaya. Sai ƙanen mahaifina, Baffa Arzika, ya kora su kudu, can dajin da ke bayan Kebbe ta wajen Fakku, ya kafa mashekari, wato inda garke zai yi damina. Babu yaron gidanmu da ba ya mafarkin ranar da za a ce ya bi Baffa. Waɗanda suka je sukan dawo da kaka sun yi baƙi sun yi ƙiba, suna ba mu labarin zuma da zabin daji da nonon da ake sha har a ture ƙwarya, mu kuwa muna sauraro baki buɗe kamar sun dawo daga Makka.

Shekarar nan sai aka ce ni da Nomau za mu je. Nomau ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, saboda haka taubashina ne, abokin wasana, wanda duk abin da na faɗa masa ba laifi, shi ma haka. Sa'ana ne, amma ya fi ni ƙashi, ya fi ni shiru. Bai shiga boko ba, ni kuwa na ɗauki aji huɗun nan kamar rawani. Ina ce masa Kan Kabewa, yana ce mini Malam Layi, don ba ni da zance sai na yadda ake ja layi da rula a makaranta. Kakanmu kafin ya rasu ya ba kowane jika 'yar maraƙa. Ni tawa ba ta dame ni ba, tunda garken mahaifina yana nan. Nomau kuwa mahaifinsa ko akuya ba shi da ita, maraƙar nan ita ce duk abin da ya mallaka, kuma daga gare ta ake sa ran garkensa zai taso. Ja ce, da fari ya zagaye mata ciki kamar ɗamara, muna kiranta Kyalla. Yakan cire mata kaska da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɓoye mata gishiri a aljihu, in ya yi fito ta baro uwarta ta zo tana lasar masa wuya.

Kwana biyu muka yi a hanya, kuma ban san an yi tafiyar da ta fi wannan daɗi ba. Takarkari, sanmu na ɗaukar kaya, yana ɗauke da gero da tukunya da buzu da igiyoyi, da gatari biyu, da dagi, ƙarfen nan mai kotar itace da ake haƙa ramin dirka da shi. Innata ta ƙulla mana ƙuli-ƙuli a tsumma, muka cinye tun ba mu bar ƙasar Tambuwal ba. Muna tafe muna harbin kurciya da danƙo, muna tseren cin ma saniyar da ta kauce, muna waƙa har murya ta dushe. Da muka wuce Kebbe gonaki suka ragu, itatuwa suka yi yawa suka yi tsawo, marke da taramniya da ƙirya da kalgo, irin waɗanda a wajenmu sai dai ɗaya nan ɗaya can. Muka ga birai sun tsallake hanya a jere. Nomau ya dube ni ya ce, "Malam Layi, ga 'yan ajinku can an tashe su."

Da muka isa, mu yara muka ruga gindin wata babbar tsamiya muka sauke kaya, don a ganinmu babu wurin da ya fi ta. Baffa ya ce mu kwashe. Ya ce a ƙarƙashin babban itace ba a yin damina. Ya zagaya da mu yana nuna mana matattun itatuwan da suka faɗi tun shekarun baya, ya ce mu duba ina kawunansu suka nufa. Muka duba, duk yamma suka kwanta. Ya ce to ga shaida, iskar da ke kayar da su daga gabas take zuwa. Ya zaɓi wani ɗan tudu mai faɗi inda ruwa ba zai kwanta ba, ya ja ƙafa a ƙasa ta gefen gabas, ya zana wani abu mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, tsawonsa taki goma sha biyu. Nan za a yi kafi, katangar itace mai tare iska, a bayanta kuma bukkarmu da murhu da dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere. Manyan shanu sukan juya wa iska baya su tsaya, babu ruwansu. Maruƙa da wuta da garin tuwo, su ne ake yi wa kafi.

Kwana uku muka yi muna tara itace. Baffa bai yarda a sare ɗanye ba, sai matacce wanda yake tsaye ko wanda bai daɗe da faɗuwa ba. Yakan buga masa ƙeyar gatari ya saurara. In ya yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye ciki, a bar shi. In ya yi sauti mai kauri, a sare. Gumaguman da suka fi ƙarfinmu takarkari yake ja da igiya, mu kuma mu hau kai mu tsaya muna ihu kamar masu jirgin ruwa, har ya ci karo da kututture ya watsar da mu. Yadda ake ginin kuwa ba shi da wuya. Ana kafa dirkoki biyu-biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, a bar tsakaninsu daidai kaurin gungume, sai a yi ta jera gumaguman a kwance a tsakani, ɗaya bisa ɗaya, har su kai ƙirjin babba, sannan a ɗaure kan kowace dirka da 'yar'uwarta da ɓawon kalgo. Dirkokin na ƙirya ne, don gara ba ta iya mata, duk da haka sai da muka babbake gindinsu a wuta suka yi baƙi. Dokoki biyu Baffa ya kafa mana. Ta farko, kowane rami sai hannu ya shige har hammata. "Ƙarfin kafi ƙasa shike, ba bisa ba," in ji shi. Ta biyu, tsakanin gungume da gungume a sa ɗan dutse, a bar kafa ta yatsa biyu. "Iska baƙuwa ta, ba a ruhe mata ƙofa. Rage mata gudu aka yi, ta wuce."

Ramuka takwas ake so. Baffa ya raba mana, huɗu na kudu na Nomau, huɗu na arewa nawa, ya ce wanda aikinsa ya fi kyau shi zai hau takarkari ranar da za a je kasuwar Kebbe sayen gishiri. Ni kuwa sai na cika baki. Na ce kawunan dirkokina za su daidaita kamar an ja da rula, na ɗaure igiya daga wannan itace zuwa wancan don in nuna wa Kan Kabewa amfanin boko. Nomau ya ɗauki dagi da asuba, ya durƙusa, yana soka yana kwashe ƙasa da ɗan ƙoƙo. Kafin hantsi ya yi zafi ya gama huɗunsa, yana zura hannu a kowanne har kuncinsa ya taɓa ƙasa. Ya miƙo mini dagin yana murmushi. Na fara da ƙarfina, ƙasa tana tashi kamar gari, ina waƙa. Da hannuna ya kai gwiwar hannu sai dagi ya yi ƙara, ya yi tsalle. Marmara ce a ƙasan wajena, jan dutsen nan mai tauri. Na soka, na sake sokawa, wuta tana tashi, tafin hannuna ya yi ƙuraje suka fashe. Na koma rami na biyu, haka. Na uku da na huɗu, haka. Na jefa dirka a ciki, ta yi tsaye zoƙai-zoƙai, ta ɗara igiyata da kamu guda.

Abin da ya kamata in yi ba ɓoyayye ba ne. In jira Baffa ya dawo daga shayar da shanu in ce na ci karo da dutse. Da ya sa an zuba ruwa a ramin an bar shi ya kwana, ko ya gusar da layin gaba kaɗan, magana ta ƙare. Amma sai na tuna dariyar da Nomau zai yi, na tuna takarkari da kasuwar Kebbe. Nomau kuwa ya tafi ɓare kalgo a bakin rafi, babu kowa sai ni da Kyalla tana kwance a inuwa tana kallona. Na ja dirkokin huɗu bayan sabara, na auna kamu guda daga gindin kowace, na sare. Na kai sababbin gindin wuta na babbake suka yi baƙi kamar na farko. Na kafa su, na cika ramukan da tsakuwa, na daka da kotar dagi har suka yi kyam. Kawunansu suka zauna daidai da igiya, ko da rula aka ja sai haka. Guntayen huɗu kuwa na tura su murhu ƙarƙashin tukunya. Da maraice Baffa yana tuƙa tuwo ya ce wutar yau ta yi kyau. Haka muka ci tuwon da aka dafa da ƙaryata, har na ƙara.

Baffa ya kama kowace dirka ya girgiza, ba wadda ta motsa, don ƙasa a bushe take ƙam. Ya hango kawunan nawa a jere, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe bokon ga da rana tai." Washegari muka jera gungume. Ni da Nomau kowa ya kama baki ɗaya, mu ɗaga mu zura tsakanin dirkoki, Baffa yana saka duwatsun tsakani, yana ɗaure kalgo yana ja da haƙori. Kafin la'asar kafi ya tashi. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamarsa ba. Mun zo mun tarar da daji, ga shi da hannunmu mun yi gida. Muka yi ta hawa muna dirowa, muna leƙen juna ta kafofin, muna yaƙi da karan gamba, shi mahari ni mai tsaron birni. Ni na hau takarkari zuwa Kebbe, ƙafafuna suna reto, Nomau yana biye a ƙasa riƙe da igiya, yana ce wa duk wanda muka gamu da shi a ba sarkin aji huɗu hanya.

Kwana biyu da dawowarmu hadarin farko ya taso. Da azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suka yi tsit, shanu suka juya baya. Muka ɗaure maruƙa a dangwali, muka duƙa a bayan kafi. Sai ga iska. Muka ji ta tun daga nesa tana karya rassa, ta iso ta daki itacen da muka jera, ta shiga kafofin tana fito kamar masu busa sarewa su ɗari. A waje ganyaye da ƙirare suna ta shawagi, a ciki kuwa ko tokar murhunmu ba ta tashi ba. Wani reshe mai kaurin cinya ya ɓalle daga tsamiyar da muka so mu zauna ƙarƙashinta. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka tuɓe riguna muka fita muna tsalle muna ihu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika duniya. Ranar na gaya wa kaina cewa dokar hammata tsoron tsofaffi ce kawai. Na manta cewa ruwan da nake rawa a cikinsa yana gangarawa cikin ramukana.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi. Ciyawa ta tsiro, nono ya yi yawa, muka sami zuma a kogon wani marke, ƙudan ya harbi Nomau a leɓe na yi kwana uku ina yi masa waƙa. Sai dai Kyalla ta fara tari. Wurinta a dangwali shi ne ƙarshen arewa, jikin wajen da na kafa, kuma feshin ruwa da sanyi suna shigo mata ta kafofin. Nomau ya kasa jurewa. Ya yanko ciyawa ya kwaɓa da laka, ya bi kafofin da ke daidai da ita ya toshe su tas, ya shafe da tafin hannu. Na gan shi, na san dokar Baffa ta biyu, na kuma san abin da ke ƙarƙashin ƙasa a wurin. Ban ce uffan ba, don in na yi maganar tasa ina tsoron tawa ta fito.

Hadari na biyu da la'asar ya zo, ya fi na farko fushi. Baffa yana can wajen manyan shanu. Muna duƙe a bakin bukka sai na ga kawunan dirkokina, waɗanda nake alfahari da daidaitarsu, sun fara sunkuyowa gaba ɗaya kamar masu ruku'u. Ba su karye ba. Fitowa suka yi daga laka, cikin sauƙi, kamar ana cire haƙorin yaro. Gumaguman suka zubo. Sauran maruƙa suka fizge suka tsira, Kyalla kuwa a ƙarshen igiya take, ba ta da wurin gudu. Wajen Nomau na kudu yana tsaye ko gezau. Muka ɗaga itacen muna kuka muna kiran Baffa. Da ya zo ya shafa bayan Kyalla, ya ga ƙafafun baya ba sa motsi, sai ya juya ta ta fuskanci alƙibla ya zaro wuƙa. Nomau ne ya riƙe mata kai.

Da ruwa ya tsagaita Baffa ya zo wurin da ya rushe, abin da ya fara gani shi ne laka da ciyawa manne a jikin gungume. Ya ɗago wani dunƙule ya nuna wa Nomau. "Wa yat toshe?" Nomau ya ce shi ne. Baffa bai doke shi ba, da ma ya doke shi. Cewa ya yi, "Na hwaɗa maka, ba ka jiya ba. Kai ka kashe abinka da hannunka." Suka koma wajen fiɗa. Ni kuwa ina ganin gajerun dirkokina huɗu kwance cikin laka, duk wanda ya dube su sau ɗaya zai gane. Sai na ce bari in haɗa wutar da za a kyafe naman. Na ja su da sauri, na faskara, na cusa a wuta. Sau biyu ke nan wuta tana rufa mini asiri. Tun daga lokacin na kafa kafi ya fi a ƙirga, kuma na sani sarai, wanda aka toshe wa kafofi yakan yi nishi, yakan karkata, amma in raminsa ya kai hammata ba ya faɗuwa. Ciyawar Nomau ta ba iska abin kamawa, ramina ne ya saki.

Da muka koma gida da kaka, labari ya riga mu. Aka sa masa suna Mai Toshi. Aka ce yaron kirki ne amma ba shi da kan kiwo, shekara ta gaba ni kaɗai na bi Baffa. Maraƙata ta girma ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, da su na yi aure. Nomau bai sake riƙe saniya ba. Ya koyi haƙar rijiya, ya yi suna a kai daga Tambuwal har Kebbe, mutumin da bai taɓa barin rami bai kai inda ya kamata ba. Muka ci gaba da wasanmu na taubasai, a biki da suna da salla, ina ce masa Kan Kabewa yana ce mini Malam Layi. Sau da yawa maganar takan zo mini har maƙogwaro, in haɗiye, in ce sai wani jiƙon. Baffa Arzika ya rasu bai sani ba, wannan kam ba ni da yadda zan gyara.

Bara na yi ciwon da na ɗauka ba zan tashi ba. Da na tashi sai na zaɓi karsana mafi kyau a abin da ya rage mini, na sa ɗana ya jawo ta, ni kuma na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, na riga su isa gidan Nomau. Na same shi a ƙofar gida bisa tabarma, idanunsa sun yi rauni, jikoki suna wasa a gefe. Ya ce, "Malam Layi, ashe mutuwa ta ƙi ka? Ita ma ba ta son surutu." Ban yi dariya ba. Na zauna na faɗa masa komai, daga marmara har wuta ta biyu. Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya ce ya daɗe da sani. Sai ya yi ta murza yatsun hannunsa. Can ya kira ni da sunana na gaskiya, ya ce a hankali, "Sanda, kana nuhin ba ni nik kashe ta ba?" Na ce ba kai ba ne. Sai hawaye ya zubo masa cikin gemu. Ya ce shekara hamsin da wani abu, duk ranar da hadari ya taso sai ya ji laka a tafin hannunsa. Nan na gane ba maraƙa kaɗai na ɗauke masa ba.

Da karsanar ta iso ya tashi ya shafa ta tun daga tozo har wutsiya, ya leƙa kunnenta yana neman kaska kamar da. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Sannan ya kira wani jikansa ya ce ya ɗauko masa dagi a ɗaki. Ya miƙo mini. "Wagga karsana tana son turke. Tona min rami nan. Har hammata, Malam Layi, kuma ga ni tsaye." Na durƙusa da tsofaffin gwiwoyina a gaban yara da matan gida suna leƙe ta zana, ina soka ina kwashe ƙasa ina haki. Duk sanda na ce ya kai, sai ya ce in zura hannu a gani. Sai da kuncina ya taɓa ƙasa ya ce in tashi. Muka yi dariya har muka riƙe ciki, kuma ban taɓa haƙa ramin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Yanzu dajin nan ya ja baya, inda muka kafa mashekari an ce gonar wani ce, ƙirya kuma sai an yi tafiya kafin a ga guda. Samarin yau in sun fita leda suke ɗaurawa a jikin kara, iska ta yaga su ɗaura wata. Ba na ganin laifinsu, sai dai nakan yi kewar fiton nan da iska take yi a kafofin itace, da yara biyu suna rawa cikin ruwan fari. Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, in ka ci karo da dutse a aikin da aka ba ka, ka ɗaga kai ka faɗa, kada ka rage itace don sama ta yi kyau. In kuwa har ka riga ka rage, wani ya ɗauki laifin, kada ka bar shi ya kwana da shi ko dare ɗaya, balle shekara hamsin. Ni na yi sa'a na tarar da Nomau da rai.